Jan Rubutun da Bai Ƙaura Ba

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na faɗi sunan garin ba, ana ce masa Haladu. Bawan Allah ne da ke aiki a babban asibitin garin, amma shi ba likita ba ne, ba ya allura, ba ya ba da magani. Aikinsa kula da manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, waɗanda bayanan duk marasa lafiya ke cikinsu, da wayoyin da suka haɗa su da kowane ofis, tun daga wajen yankan kati har ɗakin magani. Ɗakinsa yana can ƙarshen gini, ba taga, ga sanyi kamar cikin firji, ba abin da kake ji sai ƙugin na'urori. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin nan. Rabin ma'aikata ba su san sunansa ba, mai kwamfuta suke cewa, kuma ba a tunawa da shi sai ranar da aiki ya tsaya.

To, ana nan sai babbar manhajar da ke tafiyar da sabobin ta tsufa, kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita. Shugabannin asibiti suka sayo sababbin na'urori da sabuwar manhaja, aka ce wa Haladu ya kwashe komai ya mayar can. Ku ɗauka kamar a ce gari guda zai tashi ya koma sabon wuri, kuma ba a yarda ko cokali ya ɓata a hanya ba. Wata uku yana wannan ƙaura. Kowace Asabar ya kwashi sashe guda, ya gwada, ya sake gwadawa. Da ya gama ya duba yawan katunan marasa lafiya a tsohuwa, ya duba a sabuwa, suka zo daidai. Ya sa hannu a takarda. Aka yaba masa a taro, karon farko ke nan da aka ambaci sunansa a bainar jama'a.

Amma ku saurara. A tsohuwar manhajar akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Da an buɗe katin mai irin wannan lalura, sai jan rubutu ya fito ya gargaɗi mai allura. A sabuwar kuwa gurbin a wani wuri yake daban, sai an haɗa su da hannu. Haladu ya lura da haka tun a watan farko, har ya rubuta a littafinsa cewa zai dawo kansa. Ran nan aka kira shi da gaggawa, wayar ɗakin tiyata ta yanke. Ya tafi ya gyara, ya dawo ya juya shafi. Shi ke nan. Katuna suka ƙaura, jan rubutu bai bi su ba.

Mako uku da tarewa, aka kawo wata mata mai suna Hansatu, matar wani tela, ƙirjinta na ciwo. Likita ya rubuta allura. Nas ɗin da ke bakin aiki, Ladidi, ta buɗe katinta a kwamfuta, ba ta ga wani gargaɗi ba, ta yi mata. Kafin a ankara maƙogwaron matar ya kumbura, numfashi ya gagara. Ba ta yi awa guda ba ta cika. Ta bar 'ya'ya uku.

Aka kafa kwamiti. Wani tsohon likita ya ce ya san matar, ya tuna da kansa ya taɓa sa a rubuta cewa kada a yi mata wannan allurar. Sai aka ce lallai Ladidi ce ba ta duba ba. Ta rantse ta duba, ta yi kuka, ba wanda ya yarda. Aka ce ai kwamfuta ba ta mantuwa, mutum ke mantuwa, ba wanda ya ma koma ya buɗe katin ya gani. Aka dakatar da ita, ana shirin karɓe lasisinta.

A masallacin asibiti Haladu ya ji labarin, bayan azahar, wasu masinjoji biyu na hira suna sa takalmi. Nan take ya tuna da gurbin nan. Ya koma ɗakinsa ya kulle ƙofa. Tsohuwar sabar na nan a kusurwa a kashe, an riga an ba shi umarni ya goge ta ranar Juma'a a kai ta sito. Ya kunna ta, ya nemo katin Hansatu. Jan rubutu ya fito, ɓaro-ɓaro. Ya buɗe katin a sabuwa, fari fes. Ya ɗauko littafinsa ya yi ta juya shafi baya, har ya iso kan rubutun hannunsa.

Jama'a, ya daɗe a zaune yana kallon shafin. Da ya samu ya natsu, abin da ya fara yi shi ne gyara. Kafin la'asar ya haɗa guraben, gargaɗin mutum dubu uku da wani abu ya koma wurinsa. To, a nan ne jarrabawar take. Yanzu duk wanda ya buɗe katin Hansatu zai ga jan rubutu, ya ce ga shi nan, da ma Ladidi ƙarya take. Kundin da na'ura ke rubuta wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa, Haladu kaɗai ke da kalmar sirrin shigarsa, kuma ya san yadda ake share shi. Ba mai ganinsa. A duk asibitin nan babu mutum na biyu da ya fahimci abin da ke cikin ɗakin. Ba a ce ya yi ƙarya ba ma, shiru kawai zai yi.

Ya je gida ya gaya wa matarsa Uwani. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tuna masa da yaransu huɗu da tsohuwarsa da ke kwance, ta ce tunda ya gyara, ba da gangan kuma ya yi ba, ya nemi gafarar Allah ya bar maganar. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne irin wanda kowannenmu ya sani. Ya ce mata akwai waɗanda aka sallama a makonnin nan da maganin da wataƙila jikinsu ba ya karɓa, suna gidajensu suna sha, ba a nemo su sai an faɗi dalili. Kuma ga 'yar mutane an ɗora mata gawa.

Da safe ya buga kundin a takarda, ya haɗa da shafin littafinsa, ya kai wa shugaban asibitin. Shugaba ya karanta, ya tashi ya tura ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce idan wannan ta fita sunan asibiti ya ɓaci. Ya ce za a lallaɓa a mayar da Ladidi wani ƙaramin asibitin ƙauye, shi kuma ya goge tsohuwar na'urar yadda aka tsara.

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ta duba. Ni ne ban kai mata abin da za ta gani ba. Ba zan iya gogewa ba."

Ya wuce ya miƙa wa kwamiti takardun da hannunsa.

Kada ku zaci an tafa masa. An kore shi. Kwana goma aka ba shi ya miƙa aiki, ya zauna da wanda zai gaje shi ya nuna masa komai, kowace waya da inda ta nufa, kowace kalmar sirri, na'urar da ke zafi in an ɗauke wuta, bai rage komai don a neme shi daga baya ba. Aka bi sawun waɗanda aka sallama, aka samu mutum tara da maganin da bai dace da su ba, biyu har sun fara kumburi. Suka warke, ba su taɓa jin sunansa ba. Ladidi ta koma aiki. Sun haɗu a bakin ƙofa ranar da zai tafi, ta kau da kai ta wuce.

Saura guda, mafi nauyi. Ya nemi shagon mijin Hansatu, Malam Isiyaku tela. Ya same shi a kan keke, ƙaramar 'yar marigayiyar na zaune a tabarma gefensa. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya faɗa masa komai bai ɓoye ba. Mutumin ya tsayar da keken, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Bawan Allah, da na riga na ce kwananta ne ya ƙare, zuciyata ta fara sanyi. Yanzu ka kawo mini fuskar da zan riƙa gani. Tashi ka tafi. Ban ce na yafe ba."

Haladu ya ce gaskiyarsa ne, ya tashi.

Labari ya bazu cikin masu sana'arsa. Duk inda ya nemi aiki sai a ce ai shi ne wanda ya kashe mata da kwamfuta. Ya ƙare a wata rumfa a bakin kasuwa yana gyaran waya, mutumin da a da asibiti guda ke tafiya a hannunsa. Suka bar gidan da suke suka koma ɗaki biyu. Har ya rasu ba a ji ya ce an zalunce shi ba. In an tayar da maganar sai ya ce kuskuren nasa ne, ya yi wa Hansatu addu'a. Ko mijinta ya yafe daga baya, ni ban sani ba. Yana wurin Allah.

'Yan'uwa, abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kuskure ba ya raba mutum da amana, ɓoye shi a bar wani ya ɗauka shi ke raba shi da ita. Kuma gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin za a gode masa a duniya ba. Kowane ɗayanku nan yana da ɗakin da shi kaɗai ya san abin da ke ciki. Kai makanike, kai ka san notin da ba ka ɗaure ba. Kai magini, ka san simintin da ka rage. Ke mai sayar da magani, kin san kwalbar da kwananta ya wuce. Wataƙila yanzu haka akwai wanda ake zagi a kan laifin da ka san naka ne, kana ji kana shiru. Kada ka jira sai ranar da ba ka da bakin magana. In an shafa addu'a, tashi ka je ka faɗa, ko da abin da zai biyo baya mai ɗaci ne. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.