Lemon Wijdan Da Ya Yi Ɗaci A Gonar Riɗi

Maƙwabciyata Haliima ce ta fara ba ni labarin nan, muna zaune muna tsince wake. Na ce sai na kawo muku shi, 'ya'yana, ko wata ta ƙaru.

Akwai wata matashiya, Wijdan, wadda yaƙi ya koro su daga Khartum suka sauka a Gadarif. A nan ta auri Yahya, mai 'yar gonar riɗi a hanyar Doka. Wijdan akwai son sanin komai. Aibinta ɗaya: waya take tambaya, ba mutum ba.

Kun san halin riɗi. In ya nuna ba ya jiran kowa. Kwana kaɗan kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube, wahalar shekara ta zama ta tururuwa. Da ƙyar Yahya ya samo masu yanka goma sha biyu, shugabansu wani dattijo Adam. Tun ranar farko Adam ya ce masa, "Ya zol, bawan Allah, ranar nan tana dafa mutum, kuma yarana suna ta zancen komawa aiki gonakin Fashaga. In ba a jiƙa musu maƙoshi ba, ba ni iya riƙe su."

Wijdan ta ce a bar mata wannan.

Ta taɓa ganin wani Bature a waya yana haɗa abin sha. Ya matse lemon zaƙi da na tsami, ya sa sukari da ƙanƙara, ya murza ɗan ɓawo a bakin kofi, sannan ya tsiyaya wani farin ruwa daga kwalba, wai fodka. Da ta bincika ta ga giya ce, ta ce a'uzubillahi, wannan kam babu ita. Sauran za ta yi, har ta fi shi.

Da asuba wuta ta zo. Ta zuba lemon cikin injin markaɗe, da ɓawonsa da 'ya'yansa, don ƙamshi ya fito sosai. Ummusalama, goggon Yahya, wadda ake kira Habboba, wato kaka, tana bakin ɗakinta na ciyawa tana kallo.

"Amarya, da ɓawon za ki niƙa?"

"Habboba, haka ake yi yanzu."

Tsohuwa ta ce, "To," ta ci gaba da jan carbinta.

Wijdan ta ɗanɗana, daɗi har kunne. Ta cika jarka, direba Abuelgasim ya ɗora a mota. Sai azahar jarkar ta isa gona.

Da yamma Abuelgasim ya dawo da ita kusan a cike, yana ƙunshe dariya. "Adam ya ce a gaishe ki. Ya ce su lafiyarsu ƙalau, wa ya ce a aiko musu maganin zazzaɓi?"

Ta kurɓa ta tofar. Ɗaci kamar maɗaci! Abin ya ɗaure mata kai. Da bakinta ta sha da safe, to a ina ɗacin ya shiga? Ta wanke jarkar, washegari ta ninka sukari. Ɗacin ya dawo, wannan karon da zaƙi a bayansa. Ranar mutum biyu suka ajiye lauje suka hau motar Fashaga. Yahya ya shigo gida da kwanson riɗi a tafin hannunsa, ya riga ya tsage. Ya ajiye a gabanta.

Abuelgasim kuma ya ƙara mata da tsokana: "Ko abin da kika cire ɗin nan shi ne mai kashe ɗacin? Akwai masu sayar da aragi, giyar gida, a bayan gari, in kina so."

Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mata. Ta sake kallon Baturen sau biyar. Har ta fara cewa a ranta, in cokali ɗaya ne fa? Sai ta dawo hayyacinta. Za ta ɗura wa masu salla giya ba su sani ba, don kawai tana jin nauyin taka ƙafa goma zuwa ɗakin tsohuwa?

Ta ɗauki lemo ta tafi. Ta durƙusa.

"Habboba, me ke sa shi ɗaci?"

"Au, wayar ta mutu ne?"

"Ki yi haƙuri, Habboba."

Ummusalama ta yanka lemon, ta ɓanɓaro farin da ke ƙarƙashin ɓawon. "Tauna." Wijdan ta tauna ta yamutsa fuska. Ta miƙa mata ɗaya daga cikin 'ya'yan lemon. "Tauna wannan ma." Ta tauna, har hawaye.

"To su kika niƙe a ciki. Da fari suna lafewa, in suka zauna suka sha rana sai su farka. Kawo Baturen naki in gani."

Tsohuwa ta kanne ido ta kalla har ƙarshe. "Da ya gama haɗawa, ina ya kai shi?"

"Bakinsa."

"To ke kin kai naki Doka."

Wijdan ta fashe da dariya, kunya ta rufe ta. Ta tambayi maganar kwalbar. Tsohuwa ta ja tsaki. "Wannan ba ta kashe ɗaci, hankali take kashewa. Shekara talatin ina shayar da masu yanka kafin a haifi mijinki, ban taɓa neman ta ba."

Sai ta nuna mata. A goga koren ɓawon kaɗai a kan sukari har ya ɗauki ƙamshi. A matse lemon da hannu, a tace 'ya'yan. Ɗan gishiri a yatsa biyu, saboda mai zufa. Kuma ba a haɗawa sai mai sha yana tsaye.

Washegari Wijdan ba ta aika jarka ba. Ita da kanta ta hau motar Abuelgasim, da kwandon lemo, da sukari, da dunƙulen ƙanƙara naɗe cikin buhu. A gindin bishiya ta matse a gabansu. Adam ya karɓi kofi yana shinshinawa kamar mai tsoron tarko. Ya kurɓa, ya tsaya, ya shanye.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Habboba Ummusalama."

"Ai na ji hannunta." Ya miƙo kofin a ƙara masa, ya juya wajen mutanensa. "Wanda zai tafi Fashaga ya tafi, ya bar mini nasa kason."

Babu wanda ya motsa. Kwana huɗu suka ɗaure riɗin Yahya kaf.

Darasi: Son sani abu ne mai kyau, amma girman kai ke sa shi ɗaci. Wanda ya raina tambayar na kusa da shi, sai ya tsinci kansa a ƙofar haram yana neman abin da ke tsakar gidansa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wadda ke da tsohuwa a gida ba ta taɓa ce mata "koya mini" ba.