Rinin da Ya Zuba

Akwai wata baiwar Allah a Akokan, nan gefen Arlit, ana ce mata Zinatu. 'Yar Damagaram ce, aure ya kawo ta arewa. Mijinta Halidu ya daɗe yana aikin ma'adinai, kuma bayan an sallame su bai jima ba Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar ta da 'ya'ya mata uku, ba sana'a a hannunta.

Wadda ta tsaya mata ita ce maƙwabciyarta Fadimata, dattijuwa 'yar Gougaram. Tun tana cikin takaba Fadimata ke shigo mata da madarar raƙumi, ta zauna gefen tabarma da mazarinta tana kaɗi. Hausarta irin ta mutanen Abzin ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

"Kai Zinatu, kuka ba ya cika tukunya. Zo ka riƙe mini wannan zare."

Daga nan sana'a ta samu. 'Yan'uwan Fadimata na aiko mata da gashin raƙumi mai laushi, ta tsince, ta wanke, ta kaɗa shi siriri. Zinatu kuwa ta tuno rinin kakarta. Karan dafi ya ba ta ja, ɓawon rumman ya ba ta rawaya, sai baba don shuɗi. Kafin rini takan jiƙa zaren a ruwan alif ya kwana biyu, don launi ya kama. In ya bushe ta saƙa hulunan sanyi.

Shekara huɗu suna haka. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suka san hular Zinatu, har sunanta ya rufe na Fadimata. Tsohuwar ba ta taɓa damuwa ba.

Wata rana Alhaji Muktari, wani ɗan kasuwa mai kai kaya wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten, ya yi sallama a ƙofarta.

"Malama Zinatu, huluna da yawa nake so, jajaye. Sanyi ya kusa, kamiyona zai tashi nan da mako uku. Za ki iya?"

"Me zai hana, Alhaji?"

Lokaci ya ƙure mata. Da ta ga haka, sai ta tsoma zaren a ruwan alif da safe, ta tsame da azahar, ta zuba a tukunyar rini. Launi ya fito ja wur, ta ce ai shi ke nan. Ta gayyato mata biyu suka taya ta saƙa, kaya suka tafi.

Bayan wata guda Alhaji ya dawo da buhu, ya zazzage a tsakar gidanta. Hulunan sun koɗe, sun yi dabbare-dabbare.

"Kin kunyata ni! Mutum ya yi gumi kaɗan, sai ja ya gangaro masa a goshi kamar an sare shi. Dariya ake mini a can."

Matan unguwa suka taru. Zinatu ta ji kunya ta rufe ta, ta waiga ta ga Fadimata tsaye a bakin ƙofa, sai bakinta ya riga hankalinta.

"Ga mai laifin nan. Gashin ne ba ta wanke ba, duk maiƙo, ta yaya rini zai kama? Na gaji da rufa miki asiri, Yaya. Tsufa ya zo, aikinki ya lalace, ni ake zagi."

Fadimata ta dube ta.

"Sau uku na wanke shi, Zinatu. Kai ka gani da idonka."

"Ni ban ga komai ba. Daga yau kowa ya kama gabansa."

Tsohuwar ta gyara mayafinta ta fita. Bayan 'yan kwanaki ta rufe ɗakinta, ta hau mota ta koma Gougaram wurin ƙanenta Amastan.

Zinatu ta sayo zare a kasuwa, fari tas, ba ko ɗigon maiƙo. Ta yi masa irin jiƙon gaggawar nan, ta rina. Da ta ɗauraye, ruwan ya yi ja kamar an yanka akuya. Ta zauna a gaban kwanon, hannuwanta na ɗiga. Dama can zuciyarta ta sani, yanzu ido ma ya gani.

Babbar 'yarta Fa'iza, wadda ta yi aure a cikin gari, ta ce, "Inna, ki je ki ba ta haƙuri mana."

"Zan je. Bari maganar ta lafa tukuna."

Magana ta lafa, sai ta ce bari sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, ta ce bayan azumi. Gaskiyar ita ce, ba ta san da wane ido za ta kalli tsohuwar ba, kuma tana jin nauyin matan unguwa su ji ta janye maganarta. Wata bakwai tana ɗagawa.

Bayan salla ta sayi ganyen shayi da sukari da turmin atamfa, ta shiga mota. Da hantsi ta isa, aka nuna mata rumfar Amastan. Ya tarbe ta, ya ba ta ruwa, ya sunkuyar da kai.

"Ke ce Zinatu? Kin makara da kwana goma sha ɗaya, Allah Ya yi wa Fadimata rasuwa."

Ƙullin shayin ya suɓuce daga hannunta.

"Ta yi jinya wata biyu. Ta hana mu kira ki, ta ce kada a tayar miki da hankali, kina da marayu."

"Ta... ta yi maganata?"

"Kullum. In ta ji ƙarar mota sai ta ce a duba ko ke ce." Ya shiga ciki ya fito da buhu a ɗaure. "Tun da ta zo take kaɗi, har ranar da yatsunta suka kasa murza mazari. Ta ce fushi ne kawai, za ki huce ki zo, kada ki zo ki tarar ba zare."

Zinatu ta kwance buhun. Dunƙule-dunƙule ne na zare, a wanke fes, ko wari babu. Ta kifa fuskarta a ciki ta fashe da kuka.

"Ƙarya na yi mata, Malam. Laifina ne, ni na gajarta jiƙo. Ta ce ta yafe mini?"

Amastan ya girgiza kai a hankali. "Ban taɓa jin ta ce kin yi mata laifi ba. Don haka ban ji ta ce ta yafe ba."

Ya raka ta maƙabarta. Ta durƙusa daga nesa ta faɗi duk abin da ta tanada wata bakwai, ba mai amsawa.

Da ta koma Akokan ta tara matan da suka ji zagin, ta faɗa musu gaskiya da bakinta. Zaren kuwa ta kasa sa shi a tukunya. Haka ta saƙe shi da launinsa na raƙumi, ta ba wani direba ya kai Assamakka, a raba wa bayin Allah da ake korowa daga Aljeriya, sadaka ga Fadimata. Har yau tana rini, amma ja ta daina.

Darasi: Kada kunyar minti guda ta sa ka ɗora laifinka a kan wanda ya tsaya maka ranar da ba ka da kowa. In kuwa ka riga ka yi, nemi gafara yau, tun mai yafewar yana da numfashi. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda ake jiran ƙarar motarsa.