Guɗar Tasalla

Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu. A wani gari na bakin kogi, sunansa ya ɓace mini, an yi wata mai guɗa, Tasalla. In ta kama hanci ta rangaɗa, har masunta a tsallake sai su san an kai amarya.

Tasalla na son abinci da zafinsa. Kokon safe a leda, alale a leda aka dafa shi, tuwo ma a leda ake malmala mata. Sannu a hankali sai barci ya riƙa ɗibarta da rana tsaka, tana jin sanyi ana zufa. Takan yi mafarkin fararen ledoji suna tashi kamar balbelu, su sauka a wuyanta su yi shiru. Muryarta ta dushe, ga bikin jikarta ya matso.

'Ya'yanta uku ne. Dela, babbar, ta zo gwada mata murjanin biki, sai ya ƙi zagaye wuya. Ta shafa, ta ji kumburi. Tasalla ta ce, "Ƙiba ce, 'yar nan." Dela ta ce, "Inna, ƙiba a wuya kaɗai?" Ba ta bar maganar ta kwanta ba.

Mati, na tsakiya, ya sa ta a kwalekwalensa, ruwa ya ciko, ya kai ta asibitin birni. Aka ɗebi jini. Likita ta ce wata ƙwaya a wuya, mai saita ƙarfin jiki, ta yi rauni, ta ba da magani. Ta ce ana zargin abin da leda ke saki in ta ji zafi, amma ba ta ce tabbas ba.

Tanimu, auta, bai jira tabbas ba. Ya sassaƙa mata akushi, ya fafe ƙwarya, kullum ya yanko ganyen ayaba na alale. Ta yi ta mita wai ya mai da ita zamanin kakanni. Ya ce, "Ci dai, Inna."

Balbelun suka daina zuwa, kumburin ya ragu har murjanin ya zagaye wuya. Ranar kai amarya Tasalla ta kama hanci. Guɗar ta fito siririya, tana rawa, amma an ce ta haye kogin. Sai ta cire murjanin, ta ce na wanda ya dawo mata da murya ne.

To, ku kuka ji. Da mai gani, da mai kaiwa, da mai akushi, wa za a rataya wa murjanin nan?