Rijiyoyin Kurege Takwas

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku kama.

Ta zo mu ji ta, Baba, mu sa a aljihu.

Ranar Talata ce, sha bakwai ga Maris, ƙarfe shida da minti ashirin na safe. Kura, wadda ke sarautar dajin a shekarar, ta zube gyaɗa buhu biyu, ta ce wanda ya riga ɓare nasa, duka biyun nasa ne.

Dabgi ya fito, wannan mai dogon baki da faratan haƙa. Shi kaɗai yake aiki, amma da ƙarfi. Kurege kuwa ya zo da ɓeraye takwas, ya raba musu gyaɗa kashi takwas. Ƙwas, ƙwas, ƙwas! Kafin Dabgi ya kai rabin buhu sun gama.

Kurege ya hau buhu yana kaɗa wutsiya. "Yaya Dabgi, takwas ta fi ɗaya! Kai ɗaya kake yawo da shi, ni takwas nake haya."

Dabgi ya ce, "Haka ne, ƙanena."

Sai Kura ta ce, "Saura rijiya. Wanda tasa ta fi zurfi kafin faɗuwar rana, rumbuna nasa ne. Wanda ya gaza, shi ne miyata."

Mai hankali da ya ɗauki buhunansa ya tafi. Amma Kurege ya ji an ce rumbu. "Ranki ya daɗe, ɗora tukunya. Takwas ta fi ɗaya!"

Dabgi ya sa kai ƙasa, ƙura ta tashi. Ɓeraye ma suka soma, sai ga matsala: gindin rami ɗaya ne, mutum ɗaya yake ɗauka. Ɗaya na haƙa, bakwai na zaune suna cin gyaɗar Kurege.

"Kai, me kuke yi?"

Babbansu, mai gutsuren kunne, ya ce, "Jira muke, maigida. Ba a haƙa kamu na biyu sai an gama na farko."

"Jiran da baki ake yi?"

"To ai da hannu ake aiki, kuma babu."

"Ku shiga duka!"

Suka shiga duka. Wannan ya taka wuyan wancan, wancan ya ciji wutsiyar wannan, ƙasar da ɗaya ya fitar ɗaya ya mayar. La'asar ta yi, suna kamu biyu. Dabgi yana kamu goma, har ana jin ruwa na tsattsafowa. Kura tana hura wuta tana kallon cinyar Kurege.

Kurege ya sosa ƙeya, ya ce kowane ɓera ya tona nasa ramin. Nan fa aiki ya rabu, ƙasa ta tashi wuri takwas.

Rana ta faɗi, Kura ta zo da igiyar awo. Ta Dabgi, kamu goma. Na Kurege, ramuka takwas, kowanne kamu biyu.

Kurege ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, duk dajin nan wa ya kai ki lissafi? Biyu sau takwas fa?"

Kura ta ƙirga da faratanta, ta ɓata, ta sake. "Sha shida!"

"Sha shida da goma?"

"Sha shida ta fi! Dabgi, zo nan."

Daga can ƙasan rijiya Dabgi ya ce, "Ina shan ruwa, ranki ya daɗe. In kina so na, sauko."

Jin ruwa, ƙishirwa ta taso wa Kura. Ta zura kai ramin Kurege na farko. Ƙasa.

Kurege ya ce, "Ruwan yana cikin na gaba, ranki ya daɗe."

Na biyu, ƙasa. "Yana na gaba." Na bakwai, ƙasa. "To duk ya taru a na ƙarshe, ki tura sosai."

Ta tura sosai. Kai ya shiga, ya ƙi fita. Kurege ya ruga rumbu, ya tarar ɓeraye sun riga shi. Cin rumbu kam aiki ne mai rabuwa takwas.

Ƙurunƙus kan ɓera, har guda takwas. In mai shago ya ce muku kwamfutarsa ƙwaƙwalwa takwas gare ta, ku tambaye shi: gyaɗa za ta ɓare, ko rijiya za ta haƙa?

Waɗanda suka rage a wurin: Dabgi, cikin ruwansa. Ɓeraye takwas, ba mai iya tashi. Kura, kai a rami, ƙafafu a sama. Sai Kurege, da ransa, da wutsiyarsa, da buhu biyu na ɓawo.