Hannun da Ya Ƙi Fita daga Aljihu

Kun taɓa ganin mutum zaune a kan kujerarsa, kowa na kallonsa, amma doka ta ce ba ya nan? Ku tsaya ku ji yadda hakan ta faru, da wadda abin ya faɗa wa.

Akwai wani ɗan majalisar ƙasa mai suna Wichit, ɗan wani ƙauye a bakin kogin Mekong. Matashi ne mai kaifin baki, yana ɓangaren adawa. In ya miƙe zai yi magana, ministoci sai su hau gyara zama.

Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye. Maƙwabciyarsu, Inna Lamduan, mai sayar da gasasshiyar kaza da shinkafa mai danƙo a tasha, ita ta raine shi har ya zama mutum.

Ita Inna a tsallaken kogi aka haife ta, lokacin yaƙi. A kwalekwale aka ƙetaro da ita tana jaririya, kuma babu gefen da ya rubuta haihuwarta. Ta tsufa ba ta da katin zama 'yar ƙasa. Filin da gidanta yake kai ba da sunanta yake ba. Ba ta fita lardinsu sai da takardar izini. Ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba.

Amma duk ranar zaɓe sai ta ci ado, ta raka maƙwabta makarantar da ake zaɓen, ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe musu lema. Ranar da Wichit ya ci, ta ce masa, "Onarabul, kowa ya ba ka ƙuri'arsa, tawa ce kaɗai ta rage. Ina son in dangwala maka da hannuna kafin in mutu."

Sai ga wani ƙuduri ya shigo majalisa: duk tsohon da ya yi rayuwarsa a ƙasar, in mutanen ƙauyensa sun shaide shi, a ba shi kati. Wanda ya kawo shi Prayong ne, ɗan jam'iyyar gwamnati daga mazaɓar da ke maƙwabtaka, abokin hamayyar Wichit tun suna sakandare. Ƙudurin ya tsallake matakan farko, saura ƙuri'ar ƙarshe.

Inna ba ta jira ba. Ta sa farar riga, ta shafa wa gashinta man kwakwa, ta je aka ɗauke ta hoton kati. Matan tasha suka yi ta tsokanarta, wai ko miji take nema. Ta ce musu gwamnati ce za ta aure ta, kuma ba ta gayyatar masu baƙin ciki.

Ta nemi izinin zuwa babban birni don ta gani da idonta, aka ba ta. Da safiyar ranar ƙuri'ar, ta kama hannun Wichit na dama, ta ɗaura masa farin zare kamar yadda tsofaffin yankinsu ke yi wa mai fita babban aiki. Tana ƙullawa tana addu'a, ta ce wannan hannun shi zai yi aikin yau.

A majalisa, kafin a jefa ƙuri'a, kowane wakili yakan saka katinsa a na'urar teburinsa ya danna. In waɗanda suka danna ba su kai rabi ba, zama ya rushe, ko da zauren cike yake da mutane.

Ran nan kujerun gwamnati da yawa wayam suke, masu su sun tafi bikin ɗan wani minista. Sawai, jagoran 'yan adawa, ya zaga idonsa ya yi murmushi. Ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana cewa kowa ya zauna, amma kada wanda ya saka kati. Yau ƙasa za ta ga gwamnatin da ba ta iya tara mutanenta.

Wichit ya ce, "Yaya Sawai, ƙudurin tsofaffi ne fa na gaba."

"Tsofaffin da suka jira tun kafin a haife ka? Mako ɗaya ba zai kashe su ba. Ko so kake Prayong ya shiga ƙauyenku da makaɗa, ya ce shi ya ba Innarka kati kana zaune?"

Maganar nan ta soke shi. A zuciyarsa ya hango Prayong a kan mota, mutanen tasha na yi masa tafi. Sai ya zura katinsa a aljihu, ya bar hannun a ciki.

Shugaban majalisa ya kira ƙidaya. Lambar da ke jikin allo ta yi ta hawa, sannan ta tsaya. Saura mutum ɗaya. Aka buga ƙararrawa, aka aika ɗakin cin abinci, babu kowa.

Prayong ya juyo daga kujerarsa. Ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya sunkuyar wa Wichit da kai alamar roƙo, abin da bai taɓa yi masa ba. Wichit ya ɗaga masa gira kawai. Bai kalli sama ba, don ya san wadda ke zaune a kujerun baƙi cikin zanen siliki na aro.

Shugaba ya rufe zama. 'Yan adawa suka hau dukan tebur. Wichit ya tsaya gaban 'yan jarida ya zuba zance, har Sawai na dafa kafaɗarsa yana cewa yaron nan zai yi nisa.

A matattakalar waje ya iske Inna, da ɗan kwandon shinkafar da ta kawo masa a cinyarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta kamo hannunsa ta jujjuya shi.

"Ciwo yake yi maka? Na ga tun da aka fara yana aljihu."

Ya hau yi mata bayani, cewa siyasa ce, ba za ta gane ba, mako mai zuwa za a dawo da ƙudurin, su ma za su ƙara masa abubuwa masu kyau. Ta saurara har ya gama.

"To, ɗan nan. Ni dai izinina gobe yake ƙarewa. Ci shinkafarka, ta huce."

Mako mai zuwa, 'yan gwamnati suka rama. Suka rusa zama a kan wani ƙudurin adawa, su ma suka daki tebur. Daga nan rikici ya ɓarke a cikin ƙawancen gwamnati, aka rushe majalisar baki ɗaya aka kira sabon zaɓe. Duk ƙudurin da bai kammala ba ya mutu tare da ita, har da na tsofaffi.

Ranar zaɓe Inna ta sake cin ado, ta tsaya a bakin ƙofa tana riƙe lema, tana roƙon mutane su yi haƙuri da yaronta. 'Ya'yan tsofaffin ƙauyukan kogi ba su haƙura ba. Wichit ya faɗi.

Da ruwan damina ya sauka, Inna ta kwanta. Ba ta tashi ba.

A gidan ibada aka nemi hoton da za a jingina kusa da akwatin gawa. Aka duba gidan kaf, hoto mai kyau ɗaya ne: na kati. Shi aka faɗaɗa. Ga ta cikin farar riga, tana kallon gaba, ta matse dariya, don mai hoto ya ce mata hoton gwamnati ba a murmushi.

Prayong ya zo, shi ya sake cin zaɓe ya koma kujerarsa ta majalisa. Ya zauna kusa da Wichit a kan tabarma, ya ce bai zo gori ba. A majalisar baya su ma sun yi wa 'yan adawa haka, kuma ran nan shi ya fi kowa tafi. Ya ce zai sake shigar da ƙudurin daga farko, ko da yake tsofaffi da dama cikin masu jira sun riga Inna tafiya.

Wichit ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Ranar da nake da kati na ɓoye shi. Yau ina son in danna, ba ni da teburi."

Da aka zo ajiye furannin da aka yi da itace kafin a kunna wutar ƙona gawa, kamar yadda al'adarsu take, ya kwance zaren da ke wuyan hannunsa, wanda ya riga ya yi baƙi, ya ajiye mata shi a kan akwatin.

Darasi: Majalisa tana da ikon da zai iya mayar da tsohuwa 'yar ƙasa cikin dannawa ɗaya, amma ikon ba ya aiki in kowane ɓangare ya fi son kunyata ɗan'uwansa a kan biyan bukatar jama'a. Wanda ya ce "a jira mako mai zuwa" ba shi ne yake jiran ba. Ku nemi sanin ranakun da wakilinku ya zauna, da abin da ya danna da wanda ya ƙi dannawa. Ku tambaye shi a taro, a gaban mutane, ko ɗan jam'iyyarku ne. Ku tura wannan labari ga 'yan mazaɓarku yau, sannan wani cikinku ya tura wa wakilin da kansa.