Tulunan Tabawa a Kan Soro

Ku dai ba ku gajiya da roƙo. Ga kwanuka can ba a wanke ba, ku hikaya kuke nema. To ku sauka min daga tabarma, kuma wanda ya katse ni, na fasa.

A zamanin da an yi wani sarki da ya ga dajin ƙasarsa na ƙarewa, sai ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya sare icce a kama shi. Makamashi ya yi wuya a birni, har kara sai an raba biyu ake sa wa murhu.

A Unguwar Masaƙa akwai wata mata, Tabawa. Sanyin ƙashi ya kwantar da mijinta Jatau, in ba a gasa masa gwiwoyi da ruwan zafi ba ko juyi ba ya iyawa. Ta ƙone turmi, ta ƙone ƙyaure, har itatuwan saƙarsa. Da abin ƙonawa ya ƙare, ta shafe tuluna uku da baƙin tukunya, ta cika su da ruwa, ta rufe, ta ɗora a kan soro. Kafin la'asar ruwa ya yi zafin da sai an sirka. Jatau ya fara tashi zaune.

Amma unguwar na da ƙa'idarta. Dattawa sun daɗe da yanke cewa ba a ɗora komai a kan soro, don baƙo ya ga zankaye a jere fes. Mai unguwa Ɗandela ya aiko a sauke tuluna. Tabawa ta je zaurensa ta durƙusa ta ce, "Baba, tsakar gidana ba rana. Benenka ya tare gabas, katangar Sarkin Masaƙa ta tare yamma." Ya ce in an bar ta yau, gobe kowa sai ya hau da tarkacensa. Ta mayar da su a ɓoye, aka zo aka farfasa.

Kwana biyar Jatau na nishi, ƙafafunsa suka fara ƙandarewa. Tabawa ta kwashi tsingaron tulunan a bakin zane ta nufi fada, ta zube su gaban sarki.

"Allah ya ba ka nasara, ka hana ni icce, na bi. Su kuma sun hana ni rana. Ka faɗa min da me zan ɗuma ruwa, ko in koma in jira gawa."

Sarki ya san dokarsa ce mafari. Ya dubi Waziri. Waziri ya ce a tara dattawan a gidan Tabawa gobe da hantsi.

Lokacin ɗari ne. Washegari Waziri ya zaunar da dattawan a tsakar gida, ya ajiye tulun ruwa a gabansu, ya ce ba mai tashi sai ruwan nan ya yi ɗumi, in ba salla ba. Rana ta leƙo kamar faɗin faifai, ta wuce. Har la'asar ruwa na nan kamar na randa, gwiwoyin tsofaffi sun ƙage, ga nishin Jatau daga ɗaki.

Sannan Waziri ya ce, "Ƙa'idarku tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Amma ranar matar nan ku kuka tare. Ko a rushe bene da katanga, ko a bar mata soronta. Ku zaɓa, na riga na aika a kira magina."

Ɗandela ya ɗaga kai ya dubi benensa, ya ce ai tulu ma ado ne in an iya jerawa.

Sarki ya sa Ɗandela ya kawo tuluna shida, ya hau mata da su soro da kansa. Ya kuma kafa doka: ranar da ta sauka kan soron mutum tasa ce, sai dai mai hawa ya yi sallama maƙwabta su kimtsa. Kafin damina Jatau na zuwa masallaci da sanda.

Ta ƙare nan. Ku da nake ɗuma wa ruwan wanka kuna bari ya huce, kun dai ji. Maza a tashi a kwanta, kada in sake jin tarin kowa.