Tauraron da Ba a Bi da Gudu

Akwai wani tsohon ma'aunin filaye da ake kira Safiyo. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe shida da minti hamsin na yamma, ya kafa madubin hangen nesansa a saman bene.

Don yayansa ya yi, wani mai gyaran agogo da idonsa ɗaya ya mutu, likita kuma ya ce ɗayan ba zai kai wata guda ba. Burinsa ya ga tauraron ɗan'adam da fukafukansa kafin duhu ya rufe shi. Lissafi ya nuna sau biyu kawai babban tauraron zai ratsa: Talata da Alhamis. Bayan nan sai wani watan.

Maƙwabta suka taru. Safiyo ya saita madubin gabas, inda babu komai, ya ɗaure shi.

Surukinsa, wani injiniya, ya yi dariya. "Baba, daga yamma fa zai fito. Kawo nan."

"Ba a bin sa, ɗana. Tare shi ake yi."

"Wannan a zamaninku ne."

Injiniyan ya kwance madubin. Tauraron ya ɓullo, injiniyan ya yi ta bin sa yana juya madubin. Duk sanda ya ce, "Ga shi, zo!" kafin mai agogo ya kai idonsa, ya wuce. Cikin minti huɗu ya ɓace.

Mai agogo ya ɗago. "Duhu na gani. Wannan kam ina da shi a gida."

Ranar Alhamis mutane kaɗan suka zo. Safiyo ya saita madubin gefen wani jan tauraro, ya ɗaure, ya zaunar da yayansa tun saura minti goma. Ya riƙe agogo yana ƙirga.

"Yaya, kada ka ƙifta. Uku, biyu, ɗaya."

Sai yayan ya ja numfashi.

"Na gan shi. Kamar mazari, ruwan zinariya." Ya share idonsa da hannun riga. "Agogon naka yana gaba da daƙiƙa biyu. Kawo min shi gobe, tun ina gani."

Waɗanda suka rage a saman benen su ne: Safiyo, yayansa, ƙanwarsu da ta kawo kujera, da injiniyan, wanda ya riƙe ƙafar madubin.

Darasi: Wani abin ba a samun sa da gudu, sai an san hanyarsa an zauna an jira. Ku tura wa mai gaggawa ya karanta.